Ku Tafi Sabon Wasan, Ku Bar Mana Fitilar Hamisu

Zuwa ga Alhaji Auwalu, Shugaban Rundunar Gamji, da sauran masu riƙe da ragamar rundunar a Kaduna da Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya tare da iyali, Allah Ya sa haka. Sunana Ɗanlami, a cikin wasa kuma kun san ni da Baƙin Bunu. Ni mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Faskari, can bayan Mairuwa, amma yanzu ina zaune a garin Ƙanƙara ina riƙe da shagon cajin waya, tun da zaman ƙauyen ya gagare mu. Na aika maka saƙo kai kaɗai, alama ta nuna ka karanta, ka yi shiru. Shi ya sa na fito da maganar fili.

Ga wanda ya tsinci takardar nan bai san mu ba, Rundunar Gamji ƙungiya ce ta Hausawa masu buga wani wasan intanet da muke kira Ganuwa. Kowa yana da mutuminsa a ciki, ya zaɓa masa sana'a, ko mayaƙi ko maƙeri ko manomi, ya gina masa gida ya yi masa gona, sannan runduna ta haɗu ta tsare garinta daga dodanni. Shugabanninmu sun yanke shawarar rushe rundunar bayan Babbar Sallah, kowa ya koma wani sabon wasa.

Ranka ya daɗe, bari in fara da inda muka yi tarayya. Ni ma na gaji da Ganuwa, gajiya ta gaske. Dodon da muka kashe tun ban yi aure ba shi muke kashewa har yau, sai dai su sake masa fenti su ƙara masa ƙaho su ce sabo ne. Idona a rufe zan iya zagaye garin ban yi karo da bango ba. Wani lokaci in buɗe wasan in zuba masa ido, in rasa abin da ya kawo ni. An ce sabo turken wawa, to na yarda na daɗe a ɗaure. Kafin ku ma ku yi maganar na gwada wasu: wani ya cinye mini data tun ban gama zaɓa wa mutumina riga ba, wani ya sa wayata zafi har na cire mata riga na aje ta kan randa. Don haka neman sabon wasa ba shi ne laifi ba. Kukana a kan abu uku ne, kuma na ukun ne ya hana ni sukuni.

Na ɗaya, yadda aka yi zaɓen. An buɗe ƙuri'a a guruf ɗinmu na hira a waya da yamma, aka rufe ta kafin gari ya waye, aka rubuta cewa wanda bai jefa ba, to ya yarda. Alhaji, kai da kake kwance kan kujera sabis yana bin ka har banɗaki, wannan ƙa'ida daidai ce a wurinka. Abokina Bala yana wani ƙauye a Sabuwa, sai ya hau wani dutse a bayan gari sannan wayarsa take ganin sanda ɗaya ta sabis, kuma a wajensu mai hankali ba ya fita bayan gari in la'asar ta sakaliya. Murtala na Ƙetare bai ji labarin zaɓen ba sai da ya shigo kasuwar Ƙanƙara ya zauna a shagona. Mu na wannan yankin kusan babu wanda ya jefa, amma duk an lissafa mu cikin waɗanda suka yarda.

Na biyu, wasan da aka zaɓa, wanda kuka riga kuka raɗa wa suna Farmaki. Ban yanke masa hukunci da jita-jita ba, na sauke shi na buga. Hotunansa sun yi kyau, ba ya cin caji sosai, wannan na ba shi. Aikin farko da ya ba ni shi ne in bi ayarin mahaya mu faɗa wa wani ƙauye da asuba, mu ƙone rumbuna, mu koro shanu, mu ɗaure mutanen da muka kama har sai rundunarsu ta biya. Har da ƙarar mata masu gudu suka sa a ciki. Ban san lokacin da na kife wayar a kan benci ba, wani mai karɓar caji yana tambayata ko lafiya. Da na nuna wa Bala, kallo ɗaya ya yi ya miƙo mini, ya ce, "Wanga ai ba sai na sai data ba, in na leƙa bayan gari ina ganinai kyauta."

Ba wa'azi na zo yi ba, ban ce haramun ne ba, wannan na malamai ne. Na san wasa wasa ne. Amma da wani yaro a guruf ya rubuta cewa yanzu mu ne mutanen daji, wato 'yan bindiga, ya jera fuskokin dariya, shugabanni har da masu mayar masa da dariyar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sannan a Farmaki babu gona, babu maƙwabci, kowa tasa ta fisshe shi. A Ganuwa kuwa ɗan runduna yana iya shiga gonar ɗan'uwansa ya ba ta ruwa ya cire mata ciyawa. Ku a birni ba ku ɗauki wannan a bakin komai ba, mu kuwa a kansa muka rayu. Lokacin da aka rufe layukan waya a yankinmu gaba ɗaya, duk wanda Allah Ya ba ikon kaiwa garin da ke da sabis, to shi zai zauna a tasha ya bi gonakin kowa ɗaya bayan ɗaya kafin ya hau motar komawa. Gayya muke ce masa, kamar yadda ake taruwa a nome wa marar lafiya gonarsa a ƙauye. Kun sha ce mana mu ne muke ja wa runduna baya a jerin gwanaye. Gaskiya ne ba mu cika zuwa yaƙi ba, amma ku duba ku gani ko akwai gonar mutum ɗaya daga cikinmu da ta taɓa bushewa.

Na uku, maganar yayana Hamisu, wanda kuka sani da Sarkin Noma. Shi ya koya mini wasan, kuma kai shaida ne, Alhaji, shi ya riƙa ciyar da mayaƙan rundunar nan da hatsin gonarsa lokacin da ba mu da komai. Mutum ne da ko a wasa bai yarda ya riƙe takobi ba. Ana tsokanarsa, yana cewa ku je ku yi faɗan, in kun dawo da yunwa kun san gidana.

Damina biyu ke nan da aka ɗauke shi. Ya koma ƙauye da hantsi don ya karyo masarar da muka bari a gona, mutanen daji suka same shi a can, suka tafi da shi da wayarsa a aljihu. Sun kira mu sau ɗaya, muka ji muryarsa, daga nan layin bai sake shiga ba. Babu inda ba mu bi ba, babu wanda ba mu roƙa ba. Waɗanda aka sako daga baya, wani ya ce ya ga mai kama da shi, wani ya ce bai taɓa jin sunan ba.

Ka san a jerin sunayen runduna akwai ɗan ɗigo kusa da sunan kowa, in mutum ya buɗe wasan sai ya zama kore. Mu fitila muke ce masa. Ina da lambar sirrin Hamisu, amma ni da Bala da Murtala muka yi alkawari babu mai shiga da sunansa, don in fitilar ta kama mu san daga wayarsa ne. Gonarsa kuwa daga waje muke yi mata gayya, yau ni, gobe wanda ya samu sabis.

Sau ɗaya ta kama. Da rani ne, da tsakar rana, ina shago. Na ga ɗigon ya zama kore, na ga mutumin Hamisu ya fito daga gida ya taka har gona, ya tsaya a bakin rijiya, bai taɓa komai ba. Na rubuta masa, Yaya kai ne? Kafin in ƙara wata kalma fitilar ta mutu. Ba zan yaudari kaina ba, yana yiwuwa wani daga cikinsu ne yake latse-latsen waya. Sai dai na san wanda bai san wasan ba kasuwa yake fara nufa ko wurin makamai, don su ne masu walƙiya. Wannan kuwa gona ya nufa kai tsaye.

Mahaifiyarmu, wadda a da in ta gan mu da waya take cewa mun zama bayin allo, yanzu kullum in na je gaishe ta da safe, kafin ta amsa sai ta ce, "Ɗanlami, duba mani, hitilar yayanka ta kama?" In ce ba ta kama ba, Inna. Ta ce, "To, a dai ba gonatai ruwa." Matarsa Saudatu ba ta tambaya, amma takan tsaya a bakin ƙofa har sai ta ji amsar sannan ta koma ɗaki.

Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin ƙa'idar wasan. Ɗan runduna kaɗai ke ganin fitilar ɗan runduna. Ranar da ka danna rushewa, garin zai koma daji, gonaki su tafi, jerin sunaye ya watse. Ko Hamisu ya buɗe wayarsa bayan nan babu wanda zai gani, shi ma ba zai tarar da kowa ba. Duk wannan na rubuta maka a saƙon da ka yi shiru a kansa. Abin da na gani kawai shi ne sanarwarka a guruf, cewa dole a rufe tsohon gida don kada hankalin mutane ya rabu biyu. Wallahi raina ya ɓaci, kuma har yanzu da nake rubutun nan a ɓace yake. Na san ba kai ka ɗauke shi ba, ban kuma ɗora maka abin da ba ka yi ba. Amma abin da ya rage mana nasa yana ƙarƙashin yatsanka.

Ga abin da nake roƙo. Kada ka rushe rundunar. Ka miƙa mini shugabancinta, ko ka ba Bala, ko duk wanda ka ga dama daga cikinmu, abu ne na dannawa ɗaya. Ku kwashe makamai da dawakai da duk abin da kuka tara ku raba, ba mu so. In sunan Gamji ne kuke so ku tafi da shi sabon wuri, ku ɗauka, mu sa wani. Ba za mu ja kowa ya zauna ba, ba kuma za mu zagi Farmaki a guruf ba. Sannan in za a sake wani zaɓe nan gaba, a bar ƙuri'a a buɗe har kasuwa ta zagayo, don na kan dutse su samu jefawa. Ni kaina ina nan ina neman wasan da zan koma, mai gona da maƙwabta, wanda ba a ɗaure kowa a cikinsa. In na samu zan buga shi da daɗin rai, amma kullum zan fara leƙa Ganuwa, komai gajiyar da na yi da shi.

Abu na ƙarshe da nake so ka sani kafin ka yanke hukunci. Wasu dangi sun taɓa kawo shawarar a yi wa Hamisu sallar gawa daga nesa, a raba abin da ya bari, kowa ya huta. Muka je wurin limamin unguwarmu, dattijo ne da ya binne mutane da yawa a shekarun nan. Ya saurare mu har ƙarshe, ya ce shi ba zai sallaci mutumin da babu wanda ya shaida mutuwarsa ba. Saudatu ba ta shiga takaba ba. 'Ya'yansa ba a kira su marayu ba. Har yau babu wani wuri a duniya da aka soke sunan Hamisu daga cikin masu rai. Ina roƙonka don girman Allah, kada rundunar da ya ciyar ta zama ta farko.

Allah Ya ƙara maka lafiya da buɗi, Ya sa ku ji daɗin sabon wasanku. Allah Ya tsare maka naka, na gida da na kan hanya, kada Ya nuna maka ranar da za ka gane takardar nan kamar yadda muka gane ta. Allah Ya dawo mana da duk waɗanda ke hannun mutanen daji, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Wassalam.

Naka,
Ɗanlami (Baƙin Bunu),
ƙanin Sarkin Noma,
daga Ƙanƙara.