Yawun Kaka

Zuwa ga Baban Sianto,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata kana lafiya, kuma zafin Mombasa bai gama gasa ka ba. Mu nan Loita lafiya lau, an yi ruwa, shanu sun murmure. Jaririnka sai tsotso ba dare ba rana.

Bari in faɗa maka abin da na ɓoye. Tun da na haihu, mahaifinka bai tofa wa yaron nan albarka ba. Ni na hana. Tarin nan nasa ya ƙi tafiya, na ji tsoron kada tarin fuka ne. Ka san nauyin wannan magana a bakin suruka. Baba yakan zauna bakin garke yana kallon ƙofata, ni kuma ina ciki ina kuka. Zuwa asibitin Narok kuwa, Baba ya ce ko a mafarki, ba mai zuƙe masa jini.

Jiya sai ga Sista Nduku, ma'aikaciyar lafiya, a kan babur, da ɗan abin gwaji na roba da bai kai cokali ba. Babu allura, yawu kawai, kafin shayi ya huce an ga sakamako. Sai sabuwar rigima! Baba ya ce yawunsa albarka ne, ba zai zubar da shi a kan abin da ba ya numfashi ba. Sista ta yi lallashi har ta gaji.

Na fito da yaron, na tsaya daga nesa, na ɗaga shi. Na ce, "Baba, ba don robar ba ne. Ta nan za ka bi ka iso gare shi."

Ya daɗe yana kallonmu. Sannan ya tofa, har da yi wa robar addu'ar ruwan sama da 'yan maruƙa masu yawa. Sista na danne dariya tana amsa amin.

Maigida, ba tarin fuka ba ne! Ta ba shi magani, ta ce ya rage shaƙar taba.

Ya karɓi jikansa, ya tofa masa a goshi. Don kada baki ya kama yaron, ya ce tun da yake bai taɓa ganin mummunan jariri irin wannan ba. Yana faɗa hawaye na bin gemunsa. Har shanu suka dawo bai yarda ya ba ni ɗana ba.

'Yarka Sianto na gaishe ka. Ka zo ka karɓo mana jaririn daga hannun Baba.

Matarka,
Naisula