Man Giyar Motarka da Kawu Idi

Yaya Salisu,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya sanyin Turai? Ina fata Anti Rabi da yara suna lafiya. Mu nan Djougou lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Motar tseren da ka bar mini amana ce ta ruɗa ni. Lokacin canjin man giyarta ya yi. Na kira dillalan motar a Kwatano, suka ce giyar mai kuloci biyu ce, manta daban ne, kuma sai na'ura ta auna zafinsa ake cikawa. Na ce to bari in yi da kaina, na buɗe gaba, ko sandar awon man giyar ban samu ba.

Shi kuwa Kawu Idi, da ya zo daga garejinsa na Parakou, dariya ya yi. Ya ce, “Ɗana, mai ai mai ne. Digirinka ne ke tsorata ka.” Baba har ya yi masa godiya, kuma ranar Asabar Kawu zai dawo da jarkar mansa ya zuba wa motar.

Yaya, ban san wa ke da gaskiya ba, kuma bakina ba zai iya ce wa Kawu a'a ba. Don Allah kai ka kira shi kafin Asabar.

Ka sa ni a addu'a. Inna tana gaishe ku.

Ƙaninka,
Nasiru