A Tasha Kowa Kurma Ne

Malama Hikima, don Allah ki taimaka mini da shawara, abin nan ya fi ƙarfina.

Shekara talatin da ɗaya ina aiki a wata tsohuwar tashar wutar lantarki mai ƙona baƙin mai a kudancin Jidda. Yanzu an ce halas, wato shi ke nan, za a rufe ta a gina sabuwa mai gas. Abokan aikina kuka suke, abincinmu zai tafi. 'Yata Najwa kuwa murna take, wai hayaƙin ne ke sa ɗanta tari, kuma ban ce ta yi ƙarya ba.

Abin da ba wanda ya sani, ƙarar injinan ta cinye mini kunne. A tasha ba komai, can kowa kurma ne, da hannu muke magana, har tsokanar juna muke, ni ne ma gwaninsu. A gida kuwa sai in zauna ina kallon baki na motsi, in na ga an yi dariya in yi. Mai ɗakina kaɗai ta gane, ita kuma ta rasu. Najwa ta ɗauka fushi nake da ita kan maganar tashar, har ta ɗauke ƙafa. Sabuwar tashar kuma an ce sai an gwada kunne kafin a ɗauki mutum. Wallahi kaɗaici ya ishe ni. Ran da injin ya tsaya, da wa zan yi hira?

Mai Kunnen Ƙarfe, unguwar Mahjar, Jidda

Baba, sannu da wannan nauyi. Tsoron abokanka gaskiya ne, tarin jikanka ma gaskiya ne. Ba laifi ba ne ka ji ciwon rabuwa da wurin da ka ba ƙuruciyarka, amma kada ka roƙi Allah ya bar hayaƙi don ka sami abokan hira.

Ka je wurin likitan kunne tun kafin gwajin, akwai na'urar ji da ke taimakon mutane da yawa. Ka kuma tambaya a wajen aiki ko akwai haƙƙin da ya kamace ka.

Amma kafin likita, Najwa. Rashin sani ya fi dare duhu. Rufe tasha ko barinta ba a hannunka yake ba, 'yarka kuwa tana nan cikin gari ɗaya da kai tana zaton ka daina son ta. Ka je gidanta yau ka ce mata ba ka ji ne. Za ta yi kuka, ka bar ta ta yi.

Allah ya ba ka lafiya, ya jiƙan mai ɗakinka.