Bai San Komai Ba

Lahadi, 5 ga Janairu, 2025

Sun kira. Gobe ƙarfe tara, a biro, wato ofishin furojen nan, aikin tsayar da rairayi a Bune. Mutum ɗaya suke nema, wanda zai riƙa bin ƙauyuka yana koyar da dashe. Shekara uku da na gama karatun gandun daji a Damagaram, takardata tana kwance a akwati tare da rigar Sallah.

Na faɗa wa Baba don ya sa mini albarka, sai ya ce Inna ta fiddo masa babbar riga. Na ce ba a zuwa da iyaye. Ya ce, "Yaushe aka fara neman abu mai girma ba da babba ba? Maraya ne kai?"

Litinin, 6 ga Janairu

Mu bakwai ne. Uku sun zo da iyayensu, na ɗan ji sanyi. To amma nasu iyayen a inuwa suka zauna a waje. Nawa ya bi ni har ciki, da sallamarsa.

Shugabar wata Madam ce daga Yamai, ba ta jin Hausa sosai, Lawali direbansu ne tafinta. Ta ba Baba kujera, ta girmama shi. Ta yi mini tambayoyi da Faransanci: yadda ake kafa shingen kaba a kan tudun rairayi, wane icce ke jure ƙishi. Wallahi na amsa. Har murmushi ta yi.

Da za mu tashi, don kara, ta ce ko tsoho yana da abin cewa. Baba ya gyara zama.

"Ga shi nan na kawo muku. Yaro ne, bai san komai ba. Ba shi da wayo. Ku koya mishi, in ya karkace ku hore shi."

Abin da kowane uba ke faɗa ke nan in ya miƙa ɗansa ga tela ko magini. Wa ke yabon ɗansa a gaban mutane? A nan Gure ko jariri ya san ba nufinsa ke nan ba. Amma Lawali ya kwashe maganar ɗaya bayan ɗaya ya juye mata da Faransanci. Na ga murmushin ya tafi. Na ga ta yi rubutu.

Da kalma biyu zan iya gyarawa, in ce al'ada ce. Sai dai in gyara wa ubana magana a gaban baƙi, da harshen da ba ya ji? Haka muka fito.

A hanya yana ta fara'a. Wai ya ba su amanata.

Jumma'a, 17 ga Janairu

An liƙa suna. Ba nawa ba ne. Na gamu da Lawali a kasuwa, ya ce ni ne a gaba, amma Madam ta ce wanda ya haife ni ya fi ta sanina. Baba ya ce ba rabona ba ne.

Yau na ji na tsani muryarsa. Astagfirullah. Na rubuta dai.

Asabar, 18 ga Janairu

Ban fita ba.

Talata, 21 ga Janairu

Abokina Rashidu ya ce motar masu haƙar zinariya za ta tashi zuwa Jado ƙarshen wata, akwai wurin mutum ɗaya. A can rami ya rufta da wansa bara. Ban ce masa a'a ba.

Lahadi, 26 ga Janairu

Wani kira. Wata ƙungiya mai renon itatuwa a Gamu, ganawa ranar Laraba a nan cikin gari. In wannan ta kuɓuce, Jado ce.

Baba ya ji ina waya, ya tambayi ranar. Na ce Alhamis. Ban shirya ba, bakina ne ya faɗa.

Laraba, 29 ga Janairu

Na ce kasuwa za ni. Na sa rigata a leda, na sauya a shagon Rashidu. Na shiga ni kaɗai, na yi magana kamar mutum. Da suka ce in faɗi abin da na iya, na faɗa, ban sunkuyar da kai ba. Sun ce in fara ranar Litinin, gwajin wata uku.

Na shigo gida da labarin a bakina, na haɗiye shi.

Alhamis, 30 ga Janairu

Da hantsi na tarar da shi a zaure, ya sha babbar riga, ya naɗa rawani. Har goro ya sayo wa mutanen biro, yana ƙulle a gefensa. Ya ce, "Mu tafi, kada su jira mu."

Na ce an ɗage.

Ya dube ni. Sannan ya ce, "Jiya na ga ka goge takalmi."

Ya warware rawanin a hankali, ya ninke shi a cinya. Ya ce Allah ya ba da sa'a. Bai tambaye ni yadda ta kasance ba, ni ma ban faɗa ba.

Inna ta kawo kunu, na shanye tas. Tun safe nake jiran kunya ta kama ni. Ga shi an yi la'asar, ba ta zo ba.