Geron Kabo da Takardar Muzammil

Balan, ƙasar Gaya.

Zuwa ga ɗana, Baban Muzammil, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Zulfa da yara. Mu nan sai godiya. Gwiwa ce dai ta ƙi ni, tsohuwarka kuma ido ya fara yi mata hazo. Ƙanwarka Halima Sadiya ta zo hutu daga makarantar da take koyarwa a Ajingi, ita ke rubuta mini, na kuwa gargaɗe ta kada ta gyara mini magana.

Sama da shekara hamsin ke nan tun shekarar da aka ajiye fam da sule aka ɗauki naira, lokacin ba a haife ka ba. A shekarar ruwa ya ɗauke gero bai gama fitar da kai ba. Daga nan har Toranke babu wanda ya ɗaure dami goma sai kakanka Kabo, albarkacin wani gajeren gero mai saurin nuna da ya samo wurin wani Babarbare. Tun daga nan ban taɓa tsallake damina ban shuka shi ba. Kafin girbi nakan shiga gona in zaɓi zangarniya da hannuna, in rataye saman murhu hayaƙi ya tsare ta daga ƙwari.

Bara ɗanka Muzammil ya zo daga jami'a, ya yi kwana uku yana ɗaukar maganata a waya, wai zai rubuta takardar gama karatu. Ban ɓoye masa komai ba. Jiya Halima ta karanta mini takardar tana juyawa da Hausa. Ta ce Turawa suna da wata kalma, wai otodoks, da suke kiran abin da malamai da jama'a suka haɗu a kai, hanyar da aka saba bi, wadda duk wanda ya kauce mata shi ne bare. Suna faɗinta a kan addini, suna faɗinta a kan magani da ilimi. To a takardar jikana, irin kamfani da ya shigo jiya-jiya shi aka ba wannan suna. Geron Kabo kuwa an sa shi can ƙasa, cikin abubuwan da tsofaffi suka gada suka yi imani da su, layi ɗaya da masu cewa kada a zauna kan turmi. Na sa aka kira mini Muzammil a waya. Ya ce wallahi ba raini ba ne, haka ake rubutawa a Turanci, in ya sauya malaminsa ba zai karɓa ba. Na ce masa ja'iri, tuwon wannan camfin ne ya yi masa ƙashi. Ya yi dariya, ni ma na yi, amma abin bai sauka daga ƙirjina ba.

Da a takarda ya tsaya da na bari, na gaji da jayayya. Sai ga ɗan baffanka Muhammad Bashir da saƙonka, wai bana gonar gaba ɗaya masarar kamfani za a zuba, tunda mai ilimin gidan ya rubuta. Ba na musun tana yi, na gani a gonar maƙwabcinmu Bubayero. Amma wannan a shekarar da ruwa ya cika ne, kuma ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Na san kai ke ɗauke da gidan nan, taki naka, 'yan ƙwadago naka, shi ya sa nake roƙo maimakon in yi umarni. Iri ba ya jira. In ya tsallake damina ɗaya rabi ne zai tsiro, in ya tsallake biyu ya tafi ke nan. Na aika Toranke gidan marigayiya Hanne, ƙanwata da ta tafi da shi gidan miji, aka ce 'ya'yanta sun daka nasu tun shekarun baya. Zangarniya ashirin da uku da ke saman murhun tsohuwarka su ne suka rage. Kunya goma kawai nake so a bar mini a gonar in shuka shi, can gefen gabas wajen tsamiya. Sauran ku zuba abin da Turanci ya yarda da shi.

Ka gai da Zulfa da Suhaib da Surayya. Tsohuwarka tana gaishe ka, ta ce ka rage aiki. Muzammil kuma ka ce masa na yafe, Allah ya ba shi sa'a.

Ruwa ya sauka yau da la'asar, na haƙa na ga laima ta wuce kamu ɗaya. Halima ta ce yanzu za ta ɗauki hoton takardar nan ta tura maka. Ko amsarka ta zo ko ba ta zo ba, gobe bayan asuba zan sauke zangarniyun in sussuke, in ɗauki sungumi in lallaɓa wajen tsamiya. In ka ce sai an nome kunyoyin an zuba masara, ka gaya wa Muhammad Bashir ya bari sai ina wurin, ya yi a kan idona.

Ni ne mahaifinka,
Da'u Kabo Balan.