Murnar da ta Zube a Babban Layi

Zuwa ga hasken idona, sanyin zuciyata, matata kuma ƙawata, wadda muryarta ta fi mini yayyafin farkon damina daɗi,

Na san fushi kike yi, kuma ban ga laifinki ba. Daga ɗakinki na makaranta kika kira ni ta bidiyo, kika sunkuyar da kai kina wasa da bakin mayafi, kika ce mini kina da juna biyu. Kika ɗago kina neman murna a fuskata, sai kika gan ni ƙiƙam, ido ko ƙiftawa babu. Kika kashe waya, har yau kin ƙi ɗagawa. Haba gimbiya! Ni ɗin nan zan ji wannan albishir in yi shiru? Ni da nake rasa sukuni in kin yi atishawa?

Mai gyaran intanet kika aura, don haka ban tsaya rantse-rantse ba, bincike na shiga. Na'urar gidanmu lafiyarta ƙalau. Sai na bi sawun saƙonmu zango-zango, ina auna jinkirin kowace tasha tsakanina da ke. Na kusa da gida garau suke. Ana hawa babban layin da ke ɗauke da intanet ɗin jama'a, sai ga ɓarawon! Wani ya yi kuskuren saiti a babbar na'urar da ke raba hanya. Maimakon muryata ta miƙe zuwa gare ki, sai a kora ta ƙarƙashin teku, ta zaga wata nahiya, ta dawo ta wani siririn layi da ya cika maƙil. Abin da bai samu wurin wucewa ba, zubar da shi ake yi. A nan murnata ta zube, masoyiya.

Na tura wa injiniyoyin layin shaida, na addabe su da kira har ogana ya tambaya ko gidana ne ke cin wuta. Da safen nan suka gyara hanyar.

To ga abin da ba ki gani ba. Tsalle na daka, na bugi tebur da gwiwa, shayi ya kife a kan kwamfuta ban ko kula ba. Na faɗi na yi sujada. Na tashi ina dariya hawaye na zuba, ina ta zuba miki surutu, ashe ni kaɗai nake kiɗana nake rawata. Gwiwar har yanzu a kumbure take.

Kewarki ta ishe ni, gidan nan ya yi mini faɗi. Don Allah ki ɗaga waya. Ko ba za ki ce uffan ba, ki bar ni in kalle ku, ku biyun.

Naki ke kaɗai har ƙarshen numfashina,
Mijinki, kuma in Allah ya yarda, baban wani.