Ƙararrawar Baba Ba Ta Huce Ba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Anti da 'yan biyu, ya ƙara maka ƙarfin jiki a kan aikin nan naka na tashar jiragen ruwa. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, har ta koma faɗa da awakin maƙwabta, ka san kuwa in ta fara wannan ta warke. Kawu mai walda yana nan yadda ka bar shi, yana zuwa ya taya Baba zuga wuta, ya sha shayi kofi bayan kofi, ya ce aiki ya yi masa yawa. Na zaɓi in rubuta maka ne domin a waya kullum Umma tana gefena, kuma maganar da ke bakina ba ta gaban Umma ba ce.

Ka san kwalejin koyon sarrafa ƙarafa sun ba ni gurbin ƙaro karatu tun bara, na roƙe su suka ɗaga mini zuwa bana. Yanzu sun ce in ban je na yi rajista kafin ƙarshen watan nan ba, za su ba wani, kuma ba sauran ɗagawa. Yaya, ina son karatun nan har cikin raina. Ban taɓa gaya maka ba, amma ranar da malaminmu ya nuna mana hotunan kayan tagulla waɗanda magabata suka zuba shekaru dubbai da suka wuce, dariya ta kusa ƙwace mini a aji. Yana ta bayani: a sassaƙa siffa da kakin zuma, a lulluɓe da yumɓu, a gasa kakin ya narke ya fita, a zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa. Na ce a raina, malam, ai tsakar gidanmu kake karantawa. Abin da ban sani ba shi ne dalili. Me ya sa ƙarin kuza ke ƙara wa jan ƙarfe tauri, me ya sa wani zubin ke fitowa da ƙananan ramuka. A can akwai na'urar da za a yanka ƙarfe a leƙa cikinsa, ni kuma ina so in leƙa.

To amma ka san dokar maƙerarmu, tunda a kanka aka fara koya mini ita: wanda hannunsa ya taɓa kakin, shi zai zuba tagullar, kuma ba ya barin gida sai an fasa yumɓun an ga abin da ya fito. Tun da yanar ido ta rufe wa Baba gani, da wannan dokar yake riƙe da ni. Zai zauna a kan buhun gawayi yana murza kaki, yatsunsa suna gani fiye da idon kowa, sai ya kira ni wai in zo in ɗan gyara masa bakin nan. Bakin ba abin da ya same shi. Ina ɗora yatsa, shi ke nan, aikin ya zama nawa. Kafin a fasa wannan yumɓun, ya riga ya miƙo mini wani kakin. Hannun ƙofa, turmin dakan magani, marfin tukunya, haka shekara ta ƙare ban taɓa wayar gari babu wani yumɓu da ke jirana a bakin bango ba. Bai taɓa cewa kar in tafi ba. Da ya faɗa ma da ya fi mini sauƙi, don da na sami abin yin gardama da shi.

Likita ya ce aiki ne ƙarami, a cire yanar ya koma gani. Baba ya ce ba mai kai masa wuƙa ido, kuma idonsa ƙalau, hayaƙi ne kawai ya yi yawa a ɗakin. Umma ta yi magana, ya yi kunnen uwar shegu da ita. Ni kuwa Auta ce, ko na yi furfura maganata ta yara ce.

Da wata makaranta ta kawo aikin ƙararrawa, ya miƙo mini kakin kamar kullum, sai na ɓoye hannuwana a baya. Na gaya masa maganar kwaleji, na ce wannan karon ba zan taɓa ba. Ya janye kakin ya mayar kan cinyarsa, har na ji kunyar kaina. Daga nan ya ce ai shi bai ɗaure kowa ba, tun kafin a haife ni yake zubi, in haɗa kayana in tafi, ƙararrawar nan kuma shi kaɗai zai yi ta don in san gidan ba a kaina yake tsaye ba. Kakin da ya sassaƙa, Yaya, ban taɓa ganin mai kyansa ba. Ya lulluɓe, ya gasa, ya binne yumɓun a yashi bakinsa a waje, duk da lalube, bai yarda na matso ba.

Ranar zubi, Kawu ya zuga wuta har tagulla ta narke, Baba ya sallame shi, ya ce ni ma in tsaya a bakin ƙofa. Ya kama tukunyar narkakkiyar tagullar da awartaki, ya taka zuwa ramin, ya karkata. Tagullar ta sauka a gefen bakin yumɓun, tazarar ba ta fi faɗin yatsa ba. Ina kallo ta malale cikin yashi, ta tsaya dab da takalminsa. Na toshe bakina da mayafi, domin in na yi ihu zai firgita, tukunyar kuma tana hannunsa. Ya juye ta tas, ya ajiye, ya share gumi, ya juyo wajen da yake zaton ina tsaye yana murmushi, ya ce to na gani ko. Na ce na gani, Baba. Da ya shiga wanka na tone dunƙulen daga yashi, na tura shi bayan buhunan gawayi.

Washegari ya tambaye ni ko ƙararrawa ta huce a fasa. Na ce da sauran zafi. Ya ce to, a bar ta. Tun daga ranar kullum sai ya tambaya, haka jiya, haka yau, amsata ɗaya ce. Yaya, mutumin da tun muna yara yake sanin zafin tagulla daga nesa, wai shi ne yake yarda cewa ƙararrawa ta fi mako tana huci a cikin yashi. Bai je kusa da ramin ba, bai ɗauki sabon kaki ba, yana zaune a kan buhunsa hannuwansa a cinya. Jakata tana ɗaure a ƙarƙashin gado. In na tafi, shi zai fasa yumɓun nan shi kaɗai ya laluba ya ji babu komai a ciki. In na zauna, gurbina ya tafi, kuma na san ba zan ƙara fita daga ɗakin nan ba. Ina jin haushinsa, ina jin tausayinsa, na rasa wanda ya fi yawa.

Don Allah ka nemi hutu ka zo kafin wata ya ƙare. Kai ne babba, kai kaɗai za ka ce ya tashi a tafi asibiti ya tashi. Kada ka aiko da saƙo a madadinka, ƙafarka nake so.

Ka gaishe mini da Anti, ka ce wa 'yan biyu ban manta da ƙananan dawakan tagullar da na yi musu alkawari ba. Umma da Kawu suna gaishe ku. Baba ma ya ji ina rubutu, ya ce in gaishe ka, kuma in gaya maka ya zuba ƙararrawa shi kaɗai, ka zo ka ji ƙararta.

Ƙanwarka mai jiran zuwanka,
Auta